Yadda Na Yi Ƙiba a Damagaram

Ina da shekara goma sha shida aka ce an zaɓe ni in tafi ƙasar waje. Shekara biyu ke nan bayan babban farin nan da ya cinye mana shanu, ina aji huɗu a makarantar kwana ta 'yan mata a Kano. Ni ce nake zuwa ta ɗaya a Faransanci, ba don na iya ba, sai don sauran sun fi ni rashin iyawa. An shirya musayar ɗalibai ne, a kwashi wasunmu a kai Nijar mu yi dogon hutu a gidajen mutane, kunnenmu ya sha Faransanci, su ma nasu su zo nan su sha Ingilishi.

Na je rugarmu da ke bayan Ɗanzomo yin sallama, na tarar da kakata tana kaɗa nono a gindin gawo. Na gyara tsayuwa na ce mata zan tafi ƙasar waje. Ta ce wace ƙasa? Na ce Nijar, birnin Damagaram. Ta ajiye maburgi ta dube ni tun daga sama har ƙasa.

"Damagaram ɗin da na je da ƙafa ina da cikin ubanki?"

Na ce ai wannan tafiyar daban ce, ta karatu ce, har da fasfo. Ta ce to madalla, in na isa in gaishe mata da Barebari, in gaya musu iyayengijinsu suna nan lafiya. Ta ci gaba da kaɗa nononta. Raina ya ɓaci ƙwarai, don na so a yi kuka.

A Kano na haɗu da sauran ɗaliban. Mu goma sha wani abu ne, kowa daga jiharsa. Akwai wani yaro daga Jos da ya zo cikin ƙatuwar kwat mai nauyi, saboda uwarsa ta ji an ce ƙasar waje za shi, ta kuwa rantsar da shi kada ya cire. Akwai samari biyu daga Legas, kowanne da tulin gashi a ka da wando mai faɗin ƙafa yana share tasha, sai gaishe da juna suke da Faransanci ba gajiya. Wadda ta zauna kusa da ni a mota kuwa wata doguwar yarinya ce daga Ibadan, mai tabarau, 'yar lauya. Ta rataya gorar ruwa a wuya don ta karanta a littafi cewa hamada za mu shiga. Tun kafin mu fita Kano ta gaya mini abubuwa uku da ba ta yarda da su ba a duniya, kuma zalunci ne na farko.

Direbanmu mutumin Gumel ne, yana son ya leƙa gida, don haka ta Gumel muka bi, muka faɗa Maigatari ranar Alhamis, kasuwa ta cika ta batse. Na sunkuyar da kai ina roƙon Allah kada wani ya gan ni, don na gaya wa kowa ni 'yar birnin Kano ce. Allah bai karɓa ba. Kawuna yana cikin masu sayar da shanu, ya hango ni ta taga, ya taho da gudu da sanda a kafaɗa yana ƙwala mini kira da Fillanci. Ya turo mini ɗan gora cike da man shanu ta taga, ya ce in kai wa duk wanda zan sauka a gidansa, kada a ce 'yarmu ta je hannu rabbana.

'Yar Ibadan ta tambaye ni ko talla yake yi. Na ce a'a, ƙanin mahaifiyata ne. Ta dubi takalmin robarsa, ta dubi siraran hannuwana, sai na ga idonta ya canza. Daga wannan lokacin ta ɗauke ni amana, ba tare da kowa ya ba ta ba.

A kan iyaka samarin Legas suka sauka suka taɓa ƙasa da hannu, wai sun taka ƙasar waje. Ni kuwa ina kallon wata tsamiya da muke hutar da shanu a ƙarƙashinta ina ƙarama.

A Damagaram wata Baturiya 'yar Faransa ta karɓe mu, ita ce mai kula da shirin, kowa Madam yake ce mata. Siririya ce, ba ta rabuwa da taba, tana da wata ƙaramar mota mai kama da kunkuru. Ta kafa mana doka ɗaya, ba a magana da kowane harshe sai Faransanci. Sannan ta raba mu biyu-biyu. Ni da 'yar Ibadan aka kai mu unguwar Birni, cikin manyan duwatsun nan, gidan wata tsohuwa da ɗanta yake koyarwa a lakwal, wato makarantar boko. Ɗan ya tafi Yamai wani aiki, tsohuwar kuwa ba ta jin Faransanci ko na gaisuwa, Hausa da Barbarci kawai. Yadda Madam ta yi tunanin za mu koyi Faransanci a gidan, har yau ban gane ba.

Tun daga zaure ƙamshin turaren wuta ya tare mu. Tsohuwar ta fito, gajeriya mai jiki, da dogayen tsage a kumatu. Ta kama hannun 'yar Ibadan, ta shimfiɗa mata sabuwar tabarma, ta kawo mata ruwa a kwano mai murfi, tana ta "Sannu da zuwa, baƙuwa, sannu da hanya." Sannan ta juyo gare ni. Na durƙusa na miƙa mata gorar man shanu. Ta buɗe ta shinshina, ta dubi wuyana, ta dubi hancina, sai ta tafa hannu.

"Fulata! Allah ya kawo mini baiwata har gida, da harajinta a hannu! Dubi wuya kamar na zalɓe. Ku dai in iska ta taso sai an ɗaure ku a jikin saniya."

Wani sanyi ya ratsa ni, na ji kamar na iso gida. Mu Fulani da Barebari tun kaka da kakanni haka muke, kowa na cewa ɗan'uwansa bawansa ne, kuma wanda ya yi fushi shi ya faɗi. Amma ni 'yar gidan tarbiyya ce, ba zan ɗaga ido in dubi babba ba. Ina durƙushe, kaina a ƙasa, na sassauta murya yadda aka koya mini.

"Iya, mu dai iska ke ɗaukarmu. Ku kuwa sai da aka sa wuƙa aka yi muku shaida a fuska don kada ku ɓace wa masu ku."

Ta danne dariya ta ɗaure fuska, ta nuna mini tsintsiya. 'Yar Ibadan ta matso ta tambaye ni da Ingilishi, a hankali, me tsohuwar ta ce. Na ce ta ce ni baiwarta ce. Ta zare ido. Ta ce ni kuma me na ce? Na dubi fuskarta, na ga yadda hancinta ya buɗe don fushi a kaina, abin da ba wanda ya taɓa yi saboda ni. Sai na ji bakina ya ce, "Haƙuri na ba ta."

Daga nan aikina ya zama fassara rabi. Abin da Iya ta faɗa ina kai wa 'yar Ibadan shi cif, ba ragi. Abin da na mayar kuwa, tunda da kai a sunkuye da murya ƙasa-ƙasa nake faɗinsa, ita da kanta take fassara wa kanta, kuma kullum roƙo take ji.

Maganar abinci ce ta fi daɗi. A gidanmu yarinya ba ta cin abinci a gaban manya ko baƙi, ko yunwa za ta kashe ta. Iya ta san haka sarai, ta zauna da Fulani shekara da shekaru. Ranar farko da aka ajiye kwano a tsakar gida ta ga ina juya cokali, sai ta daka mini tsawa.

"Wa ya ce bayi suna ci da 'ya'ya? Tashi ki tafi madafa!"

Na tashi sumui-sumui na tafi. A madafa, bayan tukwane, na tarar da kwano a rufe da faifai. Burabusko ne ya sha man shanun kawuna, da tsokoki waɗanda suka fi na tsakar gida girma. Na zauna ni kaɗai na ci na yi nak, na sha ruwan randa, na gode wa Allah da ya halicci Barebari.

Ina komawa ɗaki sai ga 'yar Ibadan ta zaro kwano daga ƙarƙashin zaninta. Rabin abincinta ne ta ɓoye mini. Ta ce ta san ƙanzo kawai aka bar mini a can, in ci, kada in ji kunya, mu 'yan ƙasa ɗaya ne. Na dubi kwanon, na dubi idonta da ya ciko. Na ga in na ƙi karɓa zan ɓata mata rai, ni kuwa ba a koya mini ɓata ran mutane ba. Na cinye tas.

Haka muka ci gaba, rana da dare. Da safe mukan tafi lakwal mu haɗu da sauran ɗalibai a yi mana darasi, kuma kafin mako ya zagayo labarina ya game kowa. Yaron Jos, wanda zuwa lokacin ƙuraje sun feso masa saboda kwat, ya riƙa ajiye mini rabin burodinsa. Samarin Legas suka ce in mun koma sai jaridu sun ji wannan magana. Kowa yana ba da labarin gidan da ya sauka, wannan an ba shi fura ya ɗauka magani ne, wancan raƙumi ya leƙo masa ta katanga, amma da na iso sai a yi shiru a matsa mini wuri. Ban taɓa zama muhimmiya haka ba, kuma gaskiya abin ya yi mini daɗi. Siket ɗina na makaranta ya fara ƙin rufuwa, na koma ɗaura zani.

Rana ɗaya ce kawai Iya ba ta zage ni ba. Muna tsince zogale da la'asar, ta ce in gaya mata shanu nawa ubana ya tara, don ta san abin da za ta karɓa in ya zo fansata. Na ce fari ya kwashe su, 'yan kaɗan suka rage. Ta tsayar da hannu. Ta ce Allah ya mayar da alheri, su ma nan sun ga abin da suka gani. Har muka kwanta ba ta ƙara kirana baiwa ba, kuma kwanon madafa ranar ya fi na kullum nauyi. 'Yar Ibadan ta ce hararar da take yi wa tsohuwar ce ta fara aiki. Washegari Iya ta rama na jiya da na yau a haɗe.

Abin da ya ɓallo ruwa ɗankwalina ne. Iya ta fizge shi daga kaina ta cusa a ƙugunta, ta ce sai na daka mata gero zan gan shi. Na daka, don ko a gida ni ke yi. Ita kuma ta kwana biyu tana neman kaskon turarenta, wanda na ɗora a kan rufin akurkin kaji. 'Yar Ibadan ta ga daka, ba ta ga kasko ba.

Muna dawowa daga lakwal ta kama hannuna, fuskarta sai sheƙi take. Ta ce ta gama komai. Ta gaya wa Madam duk abin da ake yi mini, gobe da hantsi Madam za ta zo ta kwashe mu ta mayar da mu ɗakin kwanan ɗalibai, kuma ba za a sake kai wa tsohuwar nan baƙi ba.

Ita a ganinta sauya masauki ne kawai. Ni na san abin da ake nufi a zo da mota a kwashe baƙi daga gidan mutum a gaban maƙwabta. Tsohuwar da take bugun ƙirji a unguwa cewa ita aka zaɓa a ba wa baƙin gwamnati, za ta ƙarasa rayuwarta ana nuna gidanta da baki. Na tsaya a hanya na ce mata ba haka ba ne, wasa ne, al'ada ce tsakaninmu. Ta dafa kafaɗata cikin tausayi, ta ce babanta ya gaya mata duk wanda aka daɗe ana zalunta haka yake cewa. Na rantse. Ta ce shi ma babanta ya ce suna rantsewa.

Na so in gaya wa Iya a ranar, amma na kasa. Abin da na iya faɗa kawai shi ne Madam za ta zo gobe. Iya ta ɗauka ziyarar girmamawa ce. Tun da sassafe ta sa aka yanka kaza, ta share tsakar gida, ta samo kaskonta ta cika gidan da turare, ta sa babban zaninta na zuwa biki. Ta aika wa maƙwabta su zo su ga Baturiya. Suka kuwa zo, wasu a zaure, wasu sun jeru ta kan katanga.

Madam ta shigo da taba a hannu, ba ta zauna a tabarmar da aka shimfiɗa mata ba, ba ta dubi kazar ba. 'Yar Ibadan ta shiga ɗaki ta fito da akwatinta, ta koma ta fito da nawa. Madam ta yi magana mai tsawo, sannan ta juyo ta ce in fassara. Na ce wa Iya Madam tana gaisuwa, tana kuma godiya.

Iya ba ta dube ni ba, akwatunan take kallo.

"Godiya da akwati? Gaya mini abin da aka ce mun yi."

Wannan karon ba rabi. Na ce an ce tana wulaƙanta ni, tana kirana baiwa, tana sa ni aiki, tana hana ni abinci. Na ga wata maƙwabciya ta rufe baki da mayafi. Iya ta gyara lulluɓinta, ta ɗan rusuna mini, ni da ban kai jikarta ba.

"Malama, in na yi miki ba daidai ba a gidana, ki yafe mini. Tsufa ne. Allah ya kiyaye hanya."

An zage ni a duniya, kafin ranar da bayanta, amma ba abin da ya taɓa yi mini zafi kamar wannan Malama. Na ji kamar ta rufe mini ƙofa ta sa sakata. Bayani kuma na riga na ga ba ya aiki. Sai na yi abin da in kakata ta gani za ta ce an canza mata jika. Na tuɓe takalmi, na taka tabarmar da aka shimfiɗa wa Madam, na zauna daram a tsakiya, na jawo kwanon kaza, na yage cinya na kai baki a gaban manya da baƙi da dukan unguwa. Na ɗaga kai na dubi Iya ido cikin ido, na buɗe murya yadda na kan katanga za su ji.

"Ke Babarbariya, wa ya ba ki izinin sallamata? Kakata ce ta aiko ni in duba mata dukiyarta, in ga ko kuna nan yadda ta bar ku. Ba inda zan je sai na gama zagaya ku gida-gida. Kawo mini ruwa, kazar nan gishiri ya yi mata yawa."

Wata daga kan katanga ta fara fashewa da dariya, sauran suka ɗauka. Wata ta ce, "Iya, kina tsaye Fulata ta hau miki tabarma?" Na ga leɓen Iya yana rawa, ban san ko kuka ne ko dariya ba, ina jin ita ma ba ta sani ba. Sai ta riƙe ƙugu.

"Ku duba mini ɓarauniyar nan, jama'a! Ta zo mini kamar sillen kara, yau ƙofar ɗaki na neman gagararta, wai ni ke hana ta abinci! Tashi mini daga tabarma, 'yar masu bin jelar saniya!"

Muka yi ta yi, ta faɗa in mayar, maƙwabta suna zuga mu. Madam ta tsaya da taba tana ci har ta kusa ƙona mata yatsa. Ta ce in bayyana mata abin da ke faruwa. Na miƙe da ƙashin kaza a hannu, na yi Faransanci mafi tsawo da na taɓa yi a rayuwata, ina haɗawa da hannu da ƙafa. Na kai ta madafa na ɗaga mata faifai. Ta dubi kwanon, ta dubi kumatuna, ta daɗe tana dubansu. Ta ce ba ta gane wannan al'ada ba, amma ta ga alama ba yunwa a gidan. Ta zauna ta ci abin da na rage na kazar, ta shiga kunkurunta ta tafi.

'Yar Ibadan ta ɗauki akwatinta ta mayar ɗaki. Nawa ta bar shi a tsakar gida.

Hukuncin da ta yanke mini na 'yar lauya ne. Ta daina yi mini Ingilishi, ta koma bin dokar Madam sau da ƙafa. In na yi mata magana sai ta amsa da Faransanci mai sanyi, gajere. Abincinta kuwa takan cinye shi tas ko ya fi ƙarfinta, ta kankare kwanon da cokali tana kallona. A lakwal yaron Jos ya daina raba burodinsa, samarin Legas suka laƙaba mini sunan da ba zan maimaita ba. Wannan duk bai dame ni ba. Shirunta ne ya dame ni, don sai da ta yi shi na gane ita ce ƙawa ta farko da na yi wadda ba harshenmu ɗaya ba.

Bayan 'yan kwanaki muna wucewa ta tsakanin duwatsu, ta tsaya, ta koma Ingilishi. Ta ce kada in ɗauka abincin ne ya dame ta, ko dariyar da aka yi mata.

"Ke tana zaginki don ke tata ce. Ni kullum sannu baƙuwa, sannu baƙuwa. Tun da na zo gidan nan ko sau ɗaya ba ta zage ni ba."

Ta cire tabarau tana gogewa. Sai a lokacin na tuna gidansu yana can nesa, tafiyar kwana biyu, ba ta da kawu a Maigatari, ba ta san tsamiyar kan iyaka ba. A cikinmu biyu ita kaɗai ce ta zo ƙasar waje.

Iya ma ta lura. Muna madafa ta tambaye ni ko baƙuwarta ba ta da lafiya. Na ce lafiyarta ƙalau, zagi take so. Iya ta ɗauki maganar da muhimmanci ƙwarai, ta zauna a kan turmi tana tunani.

"Ai ba a zagin mutum haka kawai. Sai da dalili, sai an gada. Wace iri ce ita?"

Na ce Bayarabiya ce. Iya ta buga cinya har sai da kaji suka watse.

"Shi ne ba ki faɗa ba tun farko, muguwa? Mijina Bagobiri ne, Allah ya jiƙansa! Ya rasu ya bar mini gidan nan, da rigunansa, da Yarbawa. Gida ina ciki, riguna na rabar, Yarbawan ne ban taɓa samun ko ɗaya ba sai yau."

Da la'asar ɗin nan 'yar Ibadan ta fito cin abinci, ba ta ga sabuwar tabarma ba, ba ta ga kwano mai murfi ba. Ta ga Iya a tsaye da tsintsiya.

"Ke baiwar marigayi! Ashe ɓuya kika yi mini a bayan gilashi? Ku da kuke zuba barkono har a ruwan wanka, ku ɗaura ɗankwali kamar rumfar kasuwa, in biyu suna gaisawa a ɗauka faɗa ake! Karɓi nan, share mini gida."

'Yar Ibadan ta juyo gare ni. Ta ce in faɗa mata duka, in na rage ko kalma ɗaya za ta sani. Na faɗa mata duka, na kuma gaya mata tsakanin Yarbawa da Gobirawa haka abin yake, kamar mu da Barebari. Sannan ta ce in koya mata abin da za ta mayar. Na raɗa mata, ta maimaita a hankali har ya zauna. Ta je gaban Iya ta zube gwiwa biyu a ƙasa yadda 'yan matan Yarbawa suke gaida manya, ta sunkuyar da kai, ta yi Hausarta ta farko da wata murya mai hawa da sauka.

"Iya, mijinki bawan kakana ne."

Iya ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, sai da na kawo mata ruwa. Da ta farfaɗo ta nuna mana hanya da tsintsiyar, ta ce mu ɓace mata da gani, bayi ba sa ci a tsakar gida. A madafa, bayan tukwane, kwano biyu ne a rufe da faifai. Muka zauna. 'Yar Ibadan ta miƙo hannu cikin nawa ta ɗauke tsokar da ta fi girma, ta kai baki.

Ranar da za mu koma, motarmu ta biyo ta ƙofar gidan da sauran ɗalibai a ciki. Iya ta fito ta bi tagogi tana yi musu sallama ɗaya bayan ɗaya, "Allah ya kiyaye hanya, baƙi, a gaida mutan gida." Da ta zo kanmu sai ta ɗaure fuska. Ta ce mu tafi can, mun cinye mata hatsi, mun ƙarar mata da man shanu, kada ta sake ganin ƙeyarmu a unguwar nan. Tana faɗa tana riƙe da wuyan hannuwanmu, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Direba ya yi oda, ya sake yi, ba ta sake mu ba. Na juya zan fassara, 'yar Ibadan ta girgiza kai, ta ce wannan ta ji.